Sanarwar Ɗauke Wuta a Tudun Gamji

An yi wani shugaban hukumar wuta, Alhaji Na'iya, wanda ya je ganin yadda wasu ƙasashe ke tafiyar da lantarki. Yana dawowa ya kira Jatau, mai kula da taransifomar garin Tudun Gamji.

Ya ce, "A can ba a ɗauke wuta sai an sanar da jama'a tun ana gobe. Daga yau kai za ka riƙa sanarwa. Ka yi kuskure sau ɗaya, ka ajiye tsaninka."

"Ranka ya daɗe, ai watanmu uku rabonmu da wuta."

"Doka ce!"

Jatau ya ce to. Ya ari lasifika ya zaga gari: "Shugaba ya ce gobe da azahar za a ɗauke wuta!"

Gari ya kaure da murna. Mata suka goge firji, masu niƙa suka kakkaɓe inji, aka cika ƙofar gidan Alhaji ana godiya.

Alhaji ya ja Jatau gefe. "Kai! Godiyar me suke yi?"

"Ranka ya daɗe, sun ji za a ɗauke, sun san ke nan sai an kawo tukuna."

"In ba a kawo ba fa?"

"Sai in ajiye tsanina, in sanar da gari cewa ka fasa. Lasifikar tana hannuna har jibi."

Alhaji ya leƙa ya dubi taron.

Washegari da hantsi fanka ta juya a Tudun Gamji. Da azahar kuwa aka ɗauke, bisa doka.