Shaho a Gurbin Giwa

Akwai wani mai haɗa bidiyo da ake kira Injiniya. Ba wanda ya ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya bari a kai ƙarshen magana.

Yayarsa, malamar firamare, ta roƙa masa aikin haɗa fim ɗin da za a nuna a bikin yaye ɗaliban makarantarsu. Shugabar makarantar ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Malama, ƙanin naki dai zai iya?" Yaya ta dafa ƙirji.

Kwamfutarsa tsohuwa ce, furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikinta, mai tambarin giwa ce: ba sauri, amma ba ta taɓa tsayawa ba. Ranar bikin da safe ya sa ta fitar da fim ɗin, ta nuna sai tsakar rana za ta gama. Taron kuwa da yamma ne, lokaci ya isa har da ragi. Amma Injiniya ya ja tsaki.

"Wannan ai tafiyar hawainiya ce!"

Ya kashe ta, ya nufi shagon kayan kwamfuta.

"Ba ni furosesa mai tambarin shaho. Giwa ta tsofaffi ce."

Mai shago ya ce, "Shaho akwai gudu, sai dai zafi da tsada. Akwai sabuwar giwa, ta fi sauƙi, ga juriya. Wane irin allo ne a cikin…"

"Alhaji, ni za ka koya wa?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Injiniya. Amma in an buɗe kwali ba a dawowa da shi."

Abin da mai shago ya so faɗa shi ne, kowane kamfani da irin gurbinsa a jikin allon da ke cikin kwamfuta, inda ake dasa furosesa. Injiniya ya biya, ya koma gida, ya ɗora shaho a gurbin giwa, ya ƙi zama. Ya juya, ya ƙi. Sai ya sa babban yatsa ya danna. Ƙaras! Siraran alluran gurbin suka kwanta kamar ciyawar da akuya ta yi birgima a kai. Ya mayar da giwar, ya kunna. Fankar kwamfutar ta juya ta tsaya.

Ya yi ta fama har la'asar, sannan ya rungumi kwamfutar ya ruga wurin mai gyara. Mai gyara ya haska, ya girgiza kai. "Allon ya tafi. Sai an yo oda, mako mai zuwa. Ko an samu aron wata yanzu, fim ba zai fita kafin taro ba."

Waya ta yi ta ƙara a aljihu. Da ƙyar ya ɗauka. Yaya ce.

"Auta, iyaye sun cika zaure, yara sai leƙen farin bango suke. Kana ina?"

A ranar kam ya bari aka kai ƙarshen magana. Yaya ce ta hau dandamali ita kaɗai tana ba iyaye haƙuri.

Darasi: kafin ka sayi wanda ya fi gudu, tambayi wanda ya dace da abin da kake da shi, kuma kada ka taɓa injin da ke tsakiyar aiki. Sauri ya haifi nawa, kunyar kuma sau da yawa wanda ya tsaya maka ne ke shan ta.