Mai Hoton da Ya Ƙi Dusar da Masu Ɗebo Ruwa

Akwai wani mutum mai ɗaukar hoto, yana da kyamara mai dogon ido, irin wadda ke jawo nesa kusa. A cikin idon nan akwai wata ƙofa da haske ke bi ya shiga. In ka buɗe ta sosai, wanda ke gabanka kaɗai zai fito tar, na bayansa su zama dishi-dishi. In ka tsuke ta har iyaka, ta koma kamar kafar allura, na kusa da na nesa duk su fito. Abokan sana'arsa ba su damu da wannan 'yar ƙofa ba, cewa suke ado ce kawai.

Ana nan sai wata ikilisiya ta gama ginin majami'arta. 'Yan zumuntar mata ne suka ɗebo ruwan ginin daga rafi, a ka, rani guda cur. Babbarsu wata tsohuwa ce, Mama Rifkatu, wadda tulu ya cinye gashin tsakiyar kanta. Kwanon rufi kuwa wani mai dukiya ne ya kawo shi, a mota, ran kasuwa, don kada wani ya ce bai gani ba.

Ran buɗe majami'a aka kira mai hoto ya ɗauki hoton kalandar ikilisiya. Aka tura matan baya, jikin bango. Mai dukiya ya tsaya can gaba da babbar rigarsa, ya yafito mai hoto.

"Irin na birni nake so. Ni in fito sosai, na baya su dushe."

"Ranka ya daɗe, na bayan nan su suka ɗebo ruwa."

"Ruwa ake gani ko kwano? Yi abin da na ce, in ba haka ba, daga yau ba kai ba aikin gidana."

To, hotunan biki da suna na gidan nan da su mai hoto ke ciyar da 'ya'yansa. Ya tsorata, kada wani ya ce muku bai tsorata ba. Amma ya tsallaka hanya, ya kafa kyamara bisa ƙafafunta uku, ya tsuke ƙofar nan har ta ƙi gaba. Da yake haske kaɗan ke shiga ta ƙaramar ƙofa, dole kowa ya tsaya ƙyam. Ya ɗaga murya ya ce, "Kada kowa ya motsa!" Mai dukiya, da bai saba jiran kowa ba, sai muzurai yake cikin rana. Matan kuwa ko gezau, wadda ta saba da tulu a ka ba a koya mata tsayuwa.

Da hoto ya fito, fuskar mai dukiya ba ta yi kaifi irin na birni ba, amma kowace mace ana gane ta. Ya fusata, ya kori mai hoto. Dattawan ikilisiya suka ce wa mai hoto, "Je ka ba shi haƙuri, a sake ɗauka." Ya ce, "Haƙuri zan bayar. Amma ko gobe aka sake tsayawa, haka zan tsuke ta." Da suka rasa wani hoton, suka buga wannan ɗin. Shekarar nan gidan mai hoto ya ji jiki.

Kafin kaka Mama Rifkatu ta rasu. Ashe duk tsawon ranta ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonta, sai wannan kaɗai. Kalandar nan 'ya'yanta suka ɗora bisa akwatin gawarta.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, idon kyamara zuciyarka ce. Duniya za ta ce ka buɗe ta ga babban mutum, ƙanana su dushe, za ta kuma yi maka barazana da tuwon gidanka. Ka ƙi! Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kwano kuma ba ya tsayawa bisa iska. Ƙaramar ƙofa tana da wuya, tana son tsayuwa da haƙuri, wani lokaci har da yunwa, ba zan ruɗe ku ba. Amma Ubangiji bai taɓa dusar da kowa don wani ya fito ba, mu ma ba za mu yi ba, ko wa zai yi fushi. Yanzu kowa ya juya, ya ga wa ke zaune jikin bango.