Ranar da Kamfani Ya Kulle Ruwan Albasa

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don maganar ta shafe su, kuma in na gama sai kun yanke hukunci.

A Fadamar Tsamiya, manoman albasa sun daɗe suna fasa wa juna kai a kan rabon ruwan madatsa. Sai 'ya'yan garin uku da suka karanci kwamfuta, Sallau da Ladidi da Nomau, suka ce za su kawo ƙarshen abin.

Sallau ne ya rubuta manhajar da ke buɗe ƙofofin ruwa, kowace gona da lokacinta. Ya sake ta kyauta, kowa na iya dubawa ya gyara. Amma mutumin gaggawa ne, sai ya ɗora ta a kan harsashin wani babban kamfani, wato kayan aikin da manhaja ke tsayawa a kai. Wai ya fi sauƙi, kuma kamfanin ya yi alkawarin ba zai kai kowa kotu ba. Ruwa ya rabu daidai, aka daina faɗa, Sallau ya zama ɗan gaban goshi.

Ladidi kuwa ta karanta alkawarin nan har ƙarshe, abin da ba wanda ya damu ya yi. Ta ce masa: “Yaya Sallau, manhajar tamu ce, amma ƙasan da take zaune a kai na wani ne. Zanen aro ba ya rufe katara.” Aka yi mata dariya, aka ce ta cika mita. Ta yi fushi, ta koma gefe tana sake gina manhajar a kan harsashin da ba mallakin kowa ba, ba ta gaya wa kowa ba.

Nomau shi ya kakkafa na'urorin a bakin ƙofofin. Kamfanin ya ce a cire tsofaffin sitiyarin ƙarfe da ake murɗawa da hannu, a kuma liƙe akwatunan na'urorin yadda ba mai iya buɗe su. Ya ƙi, ba don ya hango komai ba, taurin kai ne kawai irin nasa.

Ana tsakiyar rani, albasa ta fara ƙwai, aka sayar da kamfanin. Sababbin masu shi suka ce fasahar da ke cikin harsashin tasu ce, suna da takardar mallaka, tsohon alkawarin kuwa ya bi wanda ya yi shi. Daga can inda suke suka danna abu ɗaya, ƙofofin Fadamar Tsamiya suka rufe ruf. Abin haushi, ruwanmu, gonarmu, guminmu, amma izini sai daga wanda bai taɓa ganin kunyar albasa ba! Ganye ya fara yaushi, manoma suka fara zaro adduna.

Nomau ya bi ƙofofin nan yana murɗa sitiyari har hannunsa ya yi kanta, yana ba kowace gona abin da zai riƙe ranta. Ladidi ta fito da aikinta, sai ga shi gini ne babu rai, don ba ta san yadda ake jera lokutan gonaki ba. Wannan a cikin kan Sallau yake, shi ya haɗiye kunya ya zauna ya zuba mata. Da suka gama, akwatunan da Nomau ya ƙi liƙewa su suka karɓi sabuwar manhajar. Ruwa ya gudana, albasa ta tashi.

Kuna tsammanin mutanen sun yi hankali? Ina! Dattawa suka taru suka ce dole mabuɗin manhajar, wanda sai da shi za a canza rabon ruwa, ya zauna a hannun mutum ɗaya, don a san wanda za a kama. Jiya jiya mutum ɗaya ya kulle musu ruwa. Na yi magana har bakina ya bushe, ba wanda ya ji.

Sallau ya ce ba don shi ba da babu abin da za a ceta, aka tuna masa shi ya kai su gidan aro. Ladidi ta ce ita ta hango ramin, aka ce amma ta ɓoye aikinta don fushi har albasa ta kusa mutuwa. Nomau tafin hannunsa kawai ya nuna, wani ya ce mai ƙin jin magana yau ya yi daidai, gobe fa?

To, ga mai gaggawa, ga mai fushi, ga mai taurin kai, kuma kowa a fadamar nan da ruwan yake ci. Wane ne a cikinsu za ku damƙa wa mabuɗin ku yi barci?