Moton Jidda a Shagon Nu'uman

Akwai wani mai injin casar shinkafa a Haɗeja, sunansa Nu'uman. Mutumin kirki ne, sai dai kai, akwai cika baki!

Ranar da wansa ya aiko masa da sabon moton lantarki daga Jidda, unguwa kaf sai da ta sani. Murna kamar ya taka rawa. Nan take ya buga wa Hajiya Barira waya, shugabar mata masu turara shinkafa a Auyo, ya ce su kwaso buhunansu duka, zai cashe musu tas kafin ranar kasuwa.

Maƙwabcinsa Micah, mai naɗin koyil, wato wayar cikin moto, ya leƙo taya shi murna. Da ya karanta rubutun ɗan ƙarfen da ke jikin moton, sai fuskarsa ta canza. Ya ce wutar Saudiyya sau sittin take bugawa a sakan ɗaya, tamu kuwa sau hamsin. In aka jona shi haka, zai yi sanyin gudu, ya ɗau zafi, har ya ƙone.

Nu'uman ya fashe da dariya a gaban jama'a. "Injiniya, kayan ƙasa mai tsarki ne fa! Ko baƙin ciki kake, ka ga moton da ba zai taɓa zuwa shagonka ba?"

Micah ya koma bakin aikinsa.

Ana gobe kasuwa matan suka iso da buhu talatin. Aka kunna. Wayyo! Injin na tafiya kamar mai jin barci, shinkafa na fita da ƙaiƙayinta. Maimakon ya tsaya, gogan naku sai ya ƙara ɗura masa shinkafa. Can sai wari ya tashi. Hajiya Barira ta dafe ƙirji, don in kasuwar gobe ta wuce su, mai sarinsu zai koma wajen wasu.

Sai ga Micah a guje. Ya kashe wutar tun kafin koyil ya babbake. Da moton ya huce, ya jona shi da janaretan shagon, ya riƙa ƙara wa janaretan gudu a hankali, idonsa a kan mita, har ta nuna sittin cif.

Jama'a, sai injin ya ɗau kuka! Shinkafa ta fara zubowa fara fat, mata suka kaure da guɗa, Hajiya Barira har da hawayen daɗi.

Kunya ta lulluɓe Nu'uman. Ya kama hannun Micah, ya tambaye shi me ya dawo da shi bayan wulaƙancin da ya sha.

Micah ya nuna matan da ke ɗaure buhunansu. "Malam Nu'uman, ai su ba su yi mini komai ba."

Darasi: Kada tsadar kaya ko sunan ƙasar da ya fito ya sa ka raina mai sani na kusa da kai. Kai kuma mai sani, kada haushin mutum ɗaya ya sa ka bar marasa laifi su yi asara. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sana'ar inji.