Fatar Goshi da Ba Ta Yarda da Kowa

Dalilin da ya sa fatar saniya take girgiza da kanta idan ƙuda ya sauka mata, ba ta ɗaga ƙafa ba, ba ta juya wuya ba, tsohon zance ne, kuma ba ƙuda ne ya jawo shi ba. Ku matso, yara. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ranar layya ya ga wani siririn jan nama manne da fata ta ciki, daga kafaɗa har kwiɓi, wanda mai fiɗa ke bi a hankali da wuƙa don kada ya huda fatar. To, a da can babu wannan naman. Fatar dabba kwance take shiru kamar tabarma, kowa ya ga dama ya sauka ya yi zamansa.

A wancan zamani akwai wata saniya, ana ce mata Goshi saboda farin da ke goshinta. Goshi ba ta da mugunta, amma Allah ya yi ta da zargi. In ta ga ciyawa ta yi kore shar, sai ta tsaya tana tambayar kanta me ya hana wasu cinye ta. In makiyayi ya shafa mata wuya, sai ta ce nauyinta yake aunawa. A duk duniya Balbela kaɗai ta yarda da ita. Tun suna ƙanana Balbela take zama a gadon bayanta, tana kore mata ƙuda, tana tsince duk ƙwaron da ya sauka, suna tafe suna hira har rana ta faɗi.

Ana nan sai Goshi ta haifi maraƙi. Ba a jima ba ta fara rama. Haƙarƙarinta ya fito, nono ya ja baya, maraƙin ya kama ya ja ya ja, ya saki yana kuka. Abin ya dami Goshi ƙwarai, don ta san in nonon ya ƙafe ɗanta ba zai kai damina ba. Ta tabbata wani ne yake shan jininta, sai dai ba ta san ko wane ne ba.

Mai shan jinin kuwa Kaska ce, ita da danginta. Sun cika bayan Goshi da ƙasan cikinta, uwarsu kuma ta samu wuri can cikin kunne ta maƙale. Balbela ce kaɗai ke rage su, shi ya sa Kaska ta tsane ta. Kun san ba mai ganin cikin kunnensa. Saboda haka da uwar kaskar ta fara raɗa, Goshi ta ɗauka zuciyarta ce take ba ta shawara.

"Wa yake kwana ya tashi a bayanki?" in ji muryar. "Wa yake da baki mai tsini? Ke kina ramewa, ita kullum fes, har wani sheƙi take yi."

Goshi ta kaɗa kunne, amma maganar ta riga ta zauna. Daga ranar, duk saran da Balbela ta kai a bayanta sai ta ji kamar ya fi na jiya zafi.

Wata rana ta daure ta ce, "Ƙawa, wai me kike ci a bayan nan nawa haka?"

"Abin da na saba ci mana," in ji Balbela, bakinta cike. "Bana sun yi yawa, har na rasa ta inda zan fara."

"To, me ya sa nake ganin ja a bakinki?"

Balbela ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Wannan dariyar ce ta ƙarasa ɓata lamarin. Goshi ta ce a ranta, mai gaskiya da ta yi bayani.

Washegari ta ce wa Balbela za ta je lasar kanwa, ta sulale ta nufi gidan wani baduku mai suna Barmo. Ku duba fa, saniya a ƙofar baduku. Tana shiga ta ga fatu a shanye, ga takalma, ga jakunkuna a rataye, gabanta ya faɗi. Amma ta tuna kukan ɗanta, ta tsaya.

"Malam Barmo, so nake ka yi mini abin da duk wanda ya sauka a jikina zan kakkaɓe shi nan take."

Barmo ya dube ta sama da ƙasa. "Zai yiwu. Zan yanko nama kaɗan daga ƙirjinki, in buga shi ya yi faɗi, in shimfiɗa miki a ƙarƙashin fata in ɗinke. Sai dai ki sani, Goshi, nama ba shi da ido. Ba zai bambance baƙo da ɗan gida ba."

"Ɗan gidan nake nufi," in ji ta.

Barmo ya jawo kwandon kayan aikinsa. A lokacin fatar dabba ba ta kama jiki kamar yanzu ba, ana iya ɗage ta kamar riga. Ya yanki naman, ya buga shi har ya zama siriri kamar kilishi, ya ɗauko basilla ya fara daga kafaɗa. Ya bi haƙarƙari, ya gangara kwiɓi, ya juya ta ya yi ɗaya gefen. Goshi tana kwance, amma idonta bai bar hannunsa ba. Da ya zo cinya, sai ya ɗora tafin hannu yana auna inda zai ci gaba, yana gyaɗa kai.

Muryar nan ta cikin kunne ta ce, "Kin ga yadda yake auna ki? Takalmi nawa kike jin zai fitar?"

Goshi ta yi zumbur ta miƙe, ta ture kwandon kayan aikinsa, ta yi waje.

"Ke, ban gama ba," in ji Barmo. "Saura ƙafafu da gindin wutsiya."

Ko waiwaye ba ta yi ba.

A hanya ƙuda ya sauka mata a haƙarƙari. Kafin ta yi tunani fatar ta girgiza, ƙudan ya tashi. Jaki ya gani, doki ya gani, akuya da tunkiya suka gani, duk suka ɗunguma gidan Barmo a yi musu irin nata. Su ma kuwa babu wanda ya iya kwanciya a gaban baduku har ya gama. Kowa ana zuwa cinya sai ya tuna da takalmi ya tashi.

Goshi ta isa makiyaya. Balbela ta hango ta, ta taso da murna ta sauka a bayanta kamar kullum. Fatar ta karkaɗa da ƙarfi, Balbela ta zame ta faɗo ƙasa a gaban dukan garke. Da faɗuwar, abin da ke maƙoshinta ya zubo. Goshi ta sunkuya ta duba. Kaska ne zalla, manya da ƙanana, kowace ta kumbura da jini.

"Jan da kike tambaya ke nan," in ji Balbela a hankali. "Jininki ne, amma ba ni na sha ba."

Kunya ta rufe Goshi, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta karkata kai don ta ɓoye fuska, sai Balbela ta hango wani abu baƙi a cikin kunnen. Ta miƙa baki ta zaro uwar kaskar ta haɗiye. Nan take muryar ta ɗauke. Goshi ta saurara, ta ji shiru, sai a lokacin ta gane wa take bi duk kwanakin nan.

"Ƙawa, ki yafe mini. Hau, don Allah, koma wurinki."

Balbela ba ta da riƙo. Ta tashi ta sauka a hankali. Fatar ta girgiza. Ta sake gwadawa kusa da tozo, fatar ta sake girgiza.

"Wallahi ba ni ba ce," in ji Goshi, hawaye na zuba.

"Na sani. Amma ke kika sa aka koya mata."

Goshi ta koma wurin Barmo da gudu, ta roƙe shi ya warware ɗinkin. Ya taɓa gefenta, fatar ta ture hannunsa. Ya ce naman ya riga ya kama, in ya cire shi sai dai ya cire da fatar. Abin takaicin kuma, girgizar ba ta yi wa kaska komai. Ƙuda ne ke tashi, kaska kuwa ƙara maƙalewa take yi.

Balbela ba ta tafi ba. Ta koma bin Goshi a ƙasa, tana tsince abin da bakinta ya kai a ƙafafu da ƙasan ciki, in Goshi ta kwanta ta zagaya ta cire na kunne da na wuya. Da haka nono ya dawo, ba kamar da ba, amma ya isa ya raya maraƙin. Ranar da ya fara ƙoshi, ya zo da wasa ya goga hancinsa a haƙarƙarin uwarsa. Fatar ta girgiza. Maraƙin ya ja da baya yana kallonta, bai san laifin da ya yi ba. Wannan ya fi komai yi wa Goshi ciwo.

Shi ya sa har yau za ku ga saniya tana kore ƙudan gefenta da fata, amma na ƙafa sai ta buga ƙasa, na wajen cinya kuma sai da wutsiya, don ba ta bari an gama ɗinkin ba. Balbela kuwa tana nan tana binta a ƙasa, in ta hau ma ba ta daɗewa. Gobe in kun je garke, ku ɗora yatsa a hankali a gefen saniyar da ta fi sabawa da ku, wadda kuke ba dusa da hannunku. Za ta juyo ta dube ku da sanayya, amma fatar sai ta girgiza.