Kunkuru da Tafkin da Ke Janyewa

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo mu saurara.

Kullum Kunkuru mai haƙuri yakan yi alama inda ruwan tafki ya tsaya. Rannan ya ce wa amininsa Kwaɗo, sarkin gardama, "Malam Kwaɗo, mu tashi. Shekaranjiya ruwan ya ragu da yatsa ɗaya, jiya biyu, yau huɗu."

Kwaɗo ya yi dariya. "Haba, ai har yanzu yana shanye kaina!"

Kunkuru ya ce, "Ba zurfinsa nake dubawa ba, saurin raguwarsa nake tsoro."

Shi kaɗai ya kama hanya, ya isa kogi. Ya share wa Kwaɗo wuri a inuwa, yana ta duban hanya har damina ta sauka. Kwaɗo bai zo ba, tafkin kuwa tuni ya ƙafe da shi a ciki.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya.