Manhajar da Ta Ce "An Gama"

Akwai wani mutum da mahaifiyarsa ta iya waƙoƙin yabo da yarensu. Kafin ta rasu, ya ɗauki muryarta a wayarsa, waƙa bayan waƙa. Ban da wannan waya, babu inda muryar take.

Da wayar ta tsufa, sai ya sayi sabuwa, ya nemi manhajar da ake tura fayil da ita daga waya zuwa waya. Shi kuwa mutum ne mai karanta bayani, ko maganin tari ba ya sha sai ya karance takardar. Ya buɗe bayanin manhajar, ya ga an rubuta cewa in "An gama" ya fito a allo, to komai ya isa lafiya.

Ya tura waƙoƙin. Allo ya ce, "An gama." Ya leƙa sabuwar wayar, ga sunayen waƙoƙin a jere, babu wanda ya ɓace. Sai ya share tsohuwar tas, ya ba ƙanwarsa.

Ta ce, "Yaya, ka saurara ka ji sun shiga kuwa?"

Ya ce, "A rubuce yake."

Ranar tunawa da mahaifiyarsu, dangi suka taru a tsakar gida. Ya danna waƙa ta fari, shiru. Ya danna ta biyu, shiru. Ashe in fayil ya yi nauyi, manhajar sunansa kawai take turawa, ta bar muryar a baya, duk da haka ta ce an gama.

Mutumin ya tafi wurin masu manhajar. Wanda ya rubuta bayanin ya ce, "Malam, ni abin da aka ce za a gina na rubuta." Wanda ya gina ta ya ce, "Na yi niyyar gyara wurin nan, ban samu sukuni ba." Dukansu biyu suka ba shi haƙuri da ladabi. Ya koma gida cikin baƙin ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce: bayanin nan shi ne abin da muke furtawa, manhajar kuwa ita ce rayuwarmu. Mun iya kalmar nan ƙwarai. Gwauruwa ta ce ɗakinta yana yoyo, mu ce an gama. Mara lafiya ya ce a sa shi a addu'a, mu ce an gama tun bai rufe baki ba. Ba ƙarya muka shirya yi ba, mu ma da niyya muka faɗa, kamar mai bayanin nan. Amma suna ne kawai ya isa, aikin yana nan inda muka bar shi. Ubangiji ba haka yake ba, abin da ya faɗa shi yake yi, kuma da sunansa ake kiranmu.

Mutumin nan har yau yana da sunayen waƙoƙin, yakan buɗe ya karanta. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ce wa mutum an gama, ka tuna zai gaskata ka, ya je ya share tsohuwar wayarsa.